Ka Ɗago Ƙirjinka a Hawa, Ridwanu

Fagge, Kano.

Zuwa ga ɗana Ridwanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan tserenka da waɗanda suke kula da ku a Jos. Allah Ya tsare ka a kan titi da gefen titi, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na ganganci, naka da na wasu. Mamanka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan ƙannenka sun ishe ka. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda na san halina. Duk lokacin da na buɗe baki a kan maganar keke, muryata takan riga ni hawa sama tun ban kai ga abin da nake son faɗa ba, kai kuma sai ka sunkuyar da kai ka ce to, ka tashi ka ba ni wuri. A takarda ba yadda za a yi in yi maka tsawa. Ka daure ka karanta har ƙarshe, ko da ka ga kamar ka san abin da ke ciki.

Kafin tafiyarka da 'yan makonni, wata safiya na shiga adaidaita sahu zan je kasuwar Sabon Gari sayen zif da shafi. Muna fara hawa gadar sama sai na hango ka a gabanmu. Ka kifa a kan keken, hannuwanka suna can ƙasan lanƙwasar kan keken, ƙarfen da ake riƙewa, haɓarka kamar za ta taɓa ƙarfe, bakinka a buɗe. Muka wuce ka a hankali saboda cunkoso. Da na leƙa baya sai na ga ka kai tsakiyar gadar ka ja gefe, ka sauke ƙafa ɗaya, ka zaro inhelarka ta asma daga aljihun bayan riga ka shaƙa. Kafaɗunka suna ɗagawa suna sauka. Na koma cikin kujera na maƙale don kada ka gan ni. Ranar na sayo zif da ba kalar kayan ba, sai da na koma na canza.

Ka tuna abin da ya biyo baya da yamma. Kana zaune da abokanka a ƙofar shago kana goge sarƙa, na ce maka ba haka ake riƙe kan keke a hawa ba. Ka yi murmushi ka ce haka manyan 'yan tsere suke yi, ka gani a waya. Maimakon in zauna in nuna maka, sai raina ya ɓaci, na ce a gaban mutane ai mai asma ba shi da abin yi da tsere. Na ga yadda fuskarka ta canza. Ba abin da nake nufi ke nan ba, kuma tun daga ranar ba mu sake maganar keke ba har ka shiga mota. Idan Allah Ya ba ka naka ɗan, ka ga abin da ya tsorata ka a tare da shi, kada ka faɗa masa a gaban abokansa, kuma kada ka faɗa lokacin da tsoron yake kanka. Tsoro in ya fito ta baki da zafinsa, kamar zagi yake fitowa.

To ga abin da na so in gaya maka a ranar.

Ka san na yi tsere ina saurayi, amma ba ka san yadda na daina ba. Lokacin ina koyon ɗinki a nan Fagge na samu wani tsohon keken tsere, irin mai kan nan da ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Kakarka Iya, Allah Ya ji ƙanta, takan ce mahaifina ya baro Ilori ya zo Kano neman arziki, ni kuma na raba rayuwata tsakanin kekuna biyu, ɗaya yana kawo abinci ɗaya yana cinyewa. Abokin hawana shi ne Fidelis, wanda kake kira Baba Fide, mai shagon kayan keke a Sabon Gari, wanda ya ɗaure maka sifokin ƙafar kekenka ta baya kafin ka tafi. A lokacin babansa ne mai shagon. Da na idar da sallar asuba zan same shi a bakin tashar jirgin ƙasa yana jirana, mu ɗauki hanyar Wudil ko ta Bichi, mu dawo kafin rana ta yi zafi, ni in zauna a kan keken ɗinki shi ya buɗe shago.

Kai ma ka sani, Kano shimfiɗe take. Ba mu da abin da za a kira hawa, a lokacin ko gadojin nan babu. Abokin gabarmu ɗaya ne, iska. Maganin iska kuwa shi ne ka kama ƙasan kan, ka kwanta, ka zama ƙarami ta wuce ta samanka. Ni na iya wannan fiye da kowa a cikinmu. Ina iya tafiya mai nisa a kife ban ɗago ba, har aka san ni da haka, ni ma na ɗauka abin alfahari ne. A wurina duk wanda ya ɗago ya riƙe sama, ya gaji ke nan, ya sallama.

Da wannan tunanin na je Jos. An gayyace mu wata gasa, aka ɗaure kekunanmu a saman bas muka tafi muna ta cika baki. Ranar tseren, farkon hanya shimfiɗe ne, ina cikin na gaba. Sai titi ya fara miƙewa sama. Na ɗauka irin tudun da na sani ne, ka danna da ƙarfi ka wuce. Na ƙara kifawa, na ƙara damƙe ƙasan kan. Muka sha kwana, na ga hawan bai ƙare ba. Muka sake shan wata, yana nan. Yaran Jos kuwa duk sun ɗago sun zauna sosai a kan sirdi, hannuwansu a sama, ƙafafunsu suna juyawa da sauri, wasu har suna hira. Ni gwiwoyina suna dukan cikina, ƙirjina a matse, iskar da nake ja ba ta wuce maƙogwaro. Fidelis ya taho ta gefena, shi ma ya ɗago kamar su, ya kira ni da gajeren sunana yadda ya saba, ya ce, "Gani, ɗago mana. Nan ba hanyar Wudil ba ce."

Ban ɗago ba. Na ga kamar in na yi haka na nuna wa 'yan Jos Kano ta gaza. Ba a jima ba na fara ganin duhu-duhu a gefen idona, kunnena ya toshe. Ban san lokacin da na sauka ba, sai dai na gan ni a durƙushe a bakin titi ina amai. Wata mata mai sayar da dankalin turawa ce ta zo ta zuba mini ruwa a ka, ta ba ni na kuskure baki, tana ta yi mini sannu. Ta tambaye ni daga ina, na ce Kano, ta gyaɗa kai kawai. Motar da ke kwasar waɗanda suka kasa ce ta ɗauke ni.

Ridwanu, ni a lokacin huhuna lafiyarsa ƙalau. Ban taɓa sanin wani abu wai shi asma ba sai a kanka. Duk da haka kifawar nan ta shaƙe ni. Kai fa? Wannan tambayar ce take zaune a ƙirjina tun ranar da na gan ka a gada.

Saboda haka ka ji. Kan kekenka wurin kamu uku gare shi, kowanne da aikinsa. Akwai sama, miƙaƙƙen wurin nan da ke kusa da kai. Akwai kan birki, inda robar nan take, wurin da hannu yake zama kamar ka miƙa wa mutum gaisuwa. Sai ƙasa, cikin lanƙwasa. Ƙasa na iska ne da gangare. A hawa mai tsawo gudunka bai kai iska ta dame ka ba, don haka ba abin da kifawa za ta ƙara maka sai matse ciki. Da ka ga titi ya fara tashi, tun ƙafarka ba ta yi nauyi ba, ka sassauta giya, ka dawo da hannunka kan birki ko sama, ka ɗan ja baya a kan sirdi, ka ɗago ƙirjinka ka buɗe kafaɗa. Kada ka haɗe hannuwanka a tsakiya, ka ware su daidai faɗin kafaɗarka, don haƙarƙarinka ya sami wurin buɗewa. Waɗanda kake gani a waya sun kama ƙasa suna hawa, ƙarshen tsere ne ake nuna maka, ɗan taƙi kaɗan, kuma ba su da ciwonka. Ba a nuna maka doguwar tafiyar da suka yi a zaune kafin nan.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. An bar mu mu ƙara 'yan kwanaki a Jos muna motsa jiki da yaran can. Washegari na ce to, tunda sama ake riƙewa, sama zan riƙe. Muka zo wani hawa gajere amma mai tsauri, na ga sun miƙe tsaye a kan feda suna rausaya keken dama da hagu. Ni ma na miƙe, hannuwana suna sama, kusa da juna. Keke ya ƙi ni. Ƙafar gaba ta fara rawa, na ja ta dama ta tafi hagu, na faɗi a gefe kamar buhu, na goge gwiwar hannu da cinya. Yaran suka tsaya, ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo. Wani daga cikinsu ya kama hannuna ya ɗora a kan birki, ya zagaya da babban yatsana ta ciki, sauran ta waje, ya ce in sake gwadawa. Sai na ji keken ya dawo hannuna.

Don haka in za ka miƙe tsaye, hannu a kan birki, ba a sama ba. Ka mayar da hannun tukuna kana zaune, sannan ka tashi, kada ka haɗa biyun a lokaci ɗaya. Kuma tsayuwar nan tana cin numfashi fiye da zama. Wasu za su iya yin ta su daɗe, kai ka yi ta kaɗan, don ka wuce wuri mai tsauri ko ka hutar da bayanka, ka koma ka zauna. In hawan ya yi tsauri har ka ji ƙafar gaba tana neman ɗagawa, ka lanƙwasa gwiwar hannu ka ɗan matso gaba, amma idonka da ƙirjinka suna kallon hanya, ba taya ba.

Akwai wani kuskuren da ban gane shi ba sai da shekaru suka ja. Ni mai damƙa ne. Ko a Kano, in na kama kan keke kamar wani zai ƙwace mini nake riƙe shi, hannu a miƙe ƙam, nauyina duk a kan tafin hannu. A hawa kuma sai in riƙa fizgar kan, ina ganin da hannu zan ja keken sama. Nakan sauka in ji ƙaramin yatsana da na kusa da shi sun mutu, in yarfe su, zuwa anjima su dawo. Ban ɗauke shi komai ba. Ka sha ganina a shago ina miƙa wa yara allura su zura mini zare, kana tsammanin ido ne. Idona yana gani sarai. Yatsun nan biyu na hannun dama ne har yau ba su gama dawowa ba, in sanyi ya shigo ko almakashi sai na yi dabara nake riƙe shi daidai. Likita ya ce wata jijiya ce da ke bi ta tafin hannu na daɗe ina dannewa, ɗinki kuma ya ƙarasa abin da keke ya fara.

Ka riƙe kan keke kamar yadda kake riƙe hannun ƙanwarka in za ku tsallaka titi, ba za ta kuɓuce ba, ba kuma za ta yi kuka ba. Ƙafa ce take hawa tudu, hannu jagora ne kawai. Ka bar gwiwar hannunka a ɗan lanƙwashe, wuyan hannu a miƙe ba a karye ba, kafaɗa a sake. Ka riƙa canza wurin kamu tun kafin hannun ya yi maka magana. Ka sa safar hannunka, na san kana cewa tana sa ka gumi. In ka ji yatsa ya fara mutuwa kada ka yi shiru kamar yadda na yi. Kuma ka lura da wani abu, duk lokacin da ka damƙe hannu, kafaɗa takan ɗaure, in kafaɗa ta ɗaure numfashi yakan gajarta. In ka ji ƙirjinka ya fara matsewa a tsakiyar hawa, fara duba yatsunka, ka sake su.

Yanzu na zo wurin da na fi jin nauyin rubutawa.

Ka taso kana ganin Baba Fide yana ɗingishi. Kana ƙarami ka taɓa tambayata, na ce haɗari ya yi, ban ƙara ba. Shi ne ya hana ni, ya ce kada in tsorata yaro da keke. A wannan tafiyar ta Jos ne abin ya faru, ana gobe za mu dawo.

Mun fita mu biyu kawai da hantsi, don in gwada abin da na koya. Muka sami wani dogon hawa a bayan gari, duwatsu dama da hagu. Na yi komai yadda ya kamata, na ɗago, na sassauta giya, na ji iska tana shiga har cikina. A karo na farko na ji daɗin tudu. Amma Fidelis ya fi ni ƙarfi a hawa, ya ba ni rata. Ina hango shi a sama, a zaune, hannuwansa a saman kan, yana tafiya hankali kwance. Da ya kai ƙarshen hawan sai ya waiwayo yana yi mini dariya, yana kirana in taho, saura kaɗan. Yana waiwayen, keken kuwa yana ta tafiya. Na ga kansa ya nutse a bayan tudun.

Abin da ba mu sani ba, daga can titin gangarawa yake yi nan take, ya sha kwana. A cikin kwanar wata babbar mota ta lalace, direban ya jera rassan itace a kan kwalta don gargaɗi, yadda suke yi. Kafin Fidelis ya juyo, keken ya riga ya ɗauki gudu. Ya ga rassan, ya kai hannu neman birki, amma hannunsa yana sama, birki yana can gaba. Ɗan wannan tsakanin, na sakin wuri ɗaya a kama wani, shi ne duk abin da ya rasa. Ya bi ta kan rassan, keken ya kauce, ya daki bayan motar da ƙugunsa.

Ni ban ji ƙarar komai ba, numfashina kawai nake ji. Na iso sama ina murna ina shirin yi masa tsiya, sai na gan shi a kwance, takalminsa ɗaya yana ɗaure a jikin feda, direban da yaron motarsa suna tsaye a kansa. Bai suma ba. Da na durƙusa abin da ya fara ce mini shi ne in matsar da kekena daga titi kada wata motar ta taho. Muka tsayar da wata a-kori-kura aka kai shi asibiti. Ƙashin ƙugu ya karye. Ya daɗe a kwance a can, babansa ya rufe shago ya zo jinya, daga baya aka dawo da shi Kano aka ci gaba da ɗori. Ya tashi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, bai sake hawa keken tsere ba. Ni na ci gaba na ɗan lokaci, sai dai fitowa da asuba in tarar ba kowa a bakin tasha ya fi ƙarfina. A hankali na jingine keken.

Ka ga, shi ya fi ni sanin hawa. Ba jahilci ne ya kayar da shi ba. Saman kan yana da daɗi, yana buɗe ƙirji, amma ba birki a wurin. Saboda haka ka riƙe sama ne kawai in hanya a buɗe take, kana ganin gabanka da nisa, ba kowa dab da kai. In kuna tafe a cunkushe, taya kusa da taya, ko akwai motoci, ko shanu a gefen hanya, ko kwana, ka zauna a kan birki, yatsa biyu a jikinsa. Nan ma ƙirji yana buɗewa, ba abin da ka rasa. Sannan abin da na fi so ka riƙe duk cikin takardar nan: kafin ka kai ƙarshen kowane hawa, tun kana ganin sararin sama a gabanka ba ka ga abin da ke bayan tudun ba, hannunka ya riga ya koma kan birki. A nan ne mutum ya fi gajiya, a nan ne yake jin ya gama, a nan yake son ya sha ruwa ya dubi baya. Kada ka yi ko ɗaya sai ka ga abin da ke gaba. In gangaren ya fara, to lokacin ne na ƙasan kan da kake so, ka kama shi da kyau, don a nan birki ya fi kamawa kuma rami ba zai fizge maka hannu ba.

Bayan ka tafi na je shagon Baba Fide na zauna. Na gaya masa ƙanenka ya ce an fara kai ku manyan hawa, har ana maganar Hawan Kibo, kuma tun da na ji sunan wurin, abinci bai yi mini daɗi ba. Na ce ina so in rubuta maka abin da ya faru, in ya yarda. Yana ɗaure wata ƙafar keke, bai ɗago ba sai da ya gama. Sannan ya ce da ya hana ni ne saboda kana Kano, yanzu kuwa kana kan dutse, in gaya maka duka. Na tashi zan tafi ya kira ni.

"Gani, ka ce masa in ya kai sama kada ya waiwaya. Ko kai ne a bayansa."

Na rubuta maka yadda ya faɗa.

Saura magana ɗaya, ita ce mamanka take kuka a kanta in ta ɗauka ba na gani. Ta ce ka gaya mata ba ka sanar da kocinku kana da asma ba, kana tsoron kada a mayar da kai gida. Na san wanda ya sa maka wannan tsoron, ni ne, da maganar da na yi a ƙofar shago. To na janye ta. Ba na so ka daina tsere. Na ga yadda ƙafarka take juyawa, ka fi ni a shekarunka nesa ba kusa ba. Amma sanyin Jos ba irin namu ba ne, iskar safiyar can tana shiga ƙirji kamar ruwan ƙanƙara, kuma kai ka san sanyi ne yake tayar maka da ciwon. In ya tashi a tsakiyar hawa, nesa da gari, waɗanda suke tare da kai ba su san me ke faruwa ba, ba su san akwai magani a aljihunka ba, wa zai taimake ka? Za su ɗauka gajiya ce su ce ka daure. Ka je ka sami kocin kai da shi, ka gaya masa. Ka kuma gaya wa ko mutum ɗaya cikin abokan hawanka, ka nuna masa aljihun da inhelar take. In kocin mai hankali ne zai san yadda zai tafiyar da kai. In kuma ya ce ka dawo, ka dawo, ƙofar gidan nan a buɗe take, kuma ba wanda zai ce maka uffan, ni zan tsaya a kan haka.

In kana cikin hawa ka ɗago, ka saki hannu, ka sassauta giya har ta ƙare, amma ka ji ƙirjin yana ƙara rufewa, ka fara jin fiton nan da muka sani, ka ja gefe ka sauka. Kada ka tsugunna ka dunƙule. Ka tsaya ka jingina hannuwanka a kan sirdi, ka sha maganinka, ka jira. In bai sake ka ba a nemi asibiti, kada ka ce bari ka ƙarasa. Ka tura keken da ƙafa in ta kama. Ni an ɗauke ni a motar waɗanda suka kasa, a gaban 'yan Jos, ga ni nan har na haife ka. Ba wanda yake tuna wannan yau sai ni.

Ban sani ba ko duk abin da na rubuta daidai yake da yadda ake koyarwa yanzu. Kekunanku sun fi namu sauƙi, giyarku tana jikin birki, tamu sai ka saki hannu ka laluba ƙasa. In kocinka ya gaya maka abin da ya saɓa da nawa, ka tambaye shi dalili cikin ladabi, ka bi nasa. Amma huhu bai canza ba, kuma bayan kowane tudu akwai abin da ba ka gani.

Ga roƙona. Ranar da kuka yi babban hawan nan, in ka kai sama, ka wuce, ka sami wuri mai kyau nesa da kwalta ka tsaya, ka kira wayar mamanka. Ba sai ka ba da labari ba, ba sai ka ce ka zo na nawa ba. Ka yi sallama kawai ka bar wayar kusa da bakinka. Tun kana jariri take sauraron ƙirjinka, daga jan numfashi ɗaya za ta san yadda kake. Ni ina gefenta, fuskarta zan duba.

Allah Ya buɗe maka ƙirjinka, Ya ƙarfafa ƙafarka, Ya sa hannunka ya kasance inda ya kamata a lokacin da ya kamata. Allah Ya hau da kai lafiya Ya sauko da kai lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki. Kada ka bar sallah saboda fitar safe, kuma ka yi addu'a kafin ka ɗora ƙafa a feda. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Abdulganiyu.